Ki Gaida Gida

A Kano aka yanke mini cibiya a shekarar 1979, kuma har yau a Kano nake kwana nake tashi. Amma duk wanda ya hango ni a Kantin Kwari ko a kasuwar 'Yankaba, tun ban buɗe baki ba ya riga ya kira ni "Indiya". In na taya kaya da Hausa sai a zagaye ni, wani ya gwada mini Indiyancin da ya tsinta a fim. Nakan ba shi haƙuri in ce yaren gidanmu daban ne. Mu mutanen Bengal ne, can gabashin Indiya, Bangla muke yi a gida, kuma Hausar bakina ta fi Hindin da na iya nesa ba kusa ba.

Mahaifina ya zo a 1976, cikin malaman Indiya da aka riƙa ɗaukowa a wancan zamani don koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandaren Arewa. A gidajen malamai muka tashi ni da yayana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wata baiwar Allah da har gobe Hajiya nake kiranta. Ita ta goya ni a bayanta, a hannunta na fara cin tuwo da miyar kuka, ita ce kuma ta koya wa mahaifiyata Hausar cefane da ta gaisuwa. Mahaifiyata Ma muke ce mata. Mahaifina kuwa Baba, domin a Bangla ma haka ake kiran uba, shi ya sa ban taɓa sauya masa suna ba ko a cikin gida ko a waje.

Ni Hindu ce, addinin da na tarar da iyayena a kansa. Na san yawancin waɗanda za su karanta wannan Musulmi ne, wasu Kirista, kuma a cikinku na girma, na san abin da kowa ya riƙe, ina girmama shi. Labarin uwa da 'ya zan ba ku. Sai dai ba zai yiwu in ba da shi ba sai na bi ta cikin bikinmu na kaka, wanda ake kira Durga Puja, wato bikin Durga, ɗaya daga cikin waɗanda mu Hindu muke bauta wa, domin a cikinsa abin ya faru.

Lokacin da muke yara, bikin nan a falonmu na Kano yake farawa ya ƙare. Hoton Durga ne da aka yanko daga kalanda, da turaren wuta, da iyalai huɗu ko biyar 'yan Bengal da suke haɗuwa a ci abinci. Abu ɗaya ne Baba ba ya wasa da shi. Ranar da ake kira Mahalaya, kwana shida ko bakwai kafin bikin, zai tashe mu ƙarfe huɗu na dare ya kunna wani kaset. Muryar wani dattijo ce mai suna Birendra Krishna Bhadra, yana karanta labarin saukowar Durga da wata irin murya mai rawa, wadda gidan rediyon Indiya ke sakawa a wannan sa'a tun shekarun 1930. Muna zaune cikin bargo muna gyangyaɗi, kaset na juyawa, har ladanin masallacin makaranta ya kira assalatu. Ma takan zauna a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen sarinta. Na tambaye ta sau ɗaya me take yi wa kuka a ranar murna, sai ta ce hayaƙin turare ne.

Iyayena sun koma Kalkata, babban birnin Bengal ta Indiya, a 2008. Ni na riga na yi aure a Kano, ina koyarwa, sai na zauna. Baba ya rasu a 2014. Daga nan nakan je duk bayan shekara biyu ko uku, a dogon hutun Agusta, lokacin da ruwan sama ke zuba a Kalkata kamar da bakin ƙwarya. Bikin kuwa yana faɗowa ne a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, makaranta a buɗe, don haka kullum ina da uzuri. Uzurin gaskiya ne, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Tsoro nake ji in je a lokacin da kowa ke gidansu, in tarar ni kaɗai ce baƙuwa. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ban ma san wane gidan na bari ba.

A Satumbar 2023 yayana ya kira ni. Ya ce Ma ta zame a banɗaki, ƙugunta ya bugu, tana takawa amma da sanda. Ya ce, "Ba ta ce ki zo ba. Amma kullum sai ta sa an duba mata kwana nawa ya rage Puja, kuma ta sa an wanke labulen ɗakinki." Na nemi hutun mako biyu a wurin aiki, aka ba ni. Tikitin da na saya na zuwa ranar 12 ga Oktoba ne, dawowa ranar 26.

Da na sauka sai na ga wata Kalkata da ban sani ba. Damina ta ɗauke, sama ta wanke tas, farin gajimare na yawo kamar auduga. Wannan lokaci shi suke kira Sharat, kuma da na shaƙi iskar sai na ce a raina, ai kaka ce. Irin iskar nan ce ta bayan ruwan ƙarshe, lokacin da ake yankan gero a hanyar Gwarzo. A bakin hanya, duk inda fili yake, wata doguwar ciyawa mai farin kai da ake kira kash ta yi fure tana kaɗawa. A tsakar gidanmu kuma akwai itacen shiuli, mai ƙananan furanni farare da jan wuya kamar an tsoma su a ruwan goro. Da dare suke buɗewa, kafin gari ya waye sun zube ƙasa. Da asubar farko na tarar da Ma a kan kujera da sandarta, tana nuna wa jikarta inda za ta tsinto su, kada ta taka.

Unguwarmu tana kudancin birnin, kusa da Jadavpur, kuma 'yan gudun hijira ne suka kafa ta. Da aka raba ƙasar a 1947, kakannina suka baro Barisal, wadda yanzu take cikin Bangladesh, da abin da hannu zai iya ɗauka. Kakata ta yi shekara arba'in a Kalkata, amma har ta koma ga Mahaliccinta in ta ce "desh", wato ƙasarmu, Barisal take nufi. Ɗanta ya tashi ya tafi Kano. Jikarta ta zauna can. Barin gida a jininmu yake, kowane tsatso da nasa.

Ranar Asabar 14 ga wata ita ce Mahalaya. Ƙarfe huɗu na ji muryar nan ta kaset ɗin Baba, amma wannan karon daga ko'ina take fitowa: gidan sama, gidan ƙasa, shagon mai shayi, tagar maƙwabta. Duk unguwar ta tashi a kan murya ɗaya. Na zauna a bakin gado jikina na tsuma. Abin da muka yi shekaru muna yi mu kaɗai cikin bargo a Kano, ashe birni guda ne ke yin sa tare da mu ba mu sani ba.

Da gari ya fara haske na bi yayana bakin kogin Hugli, reshen babban kogin Ganga da ya ratsa birnin. A wannan rana ake rufe mako biyun tunawa da magabata. Maza dubbai sun shiga ruwa har ƙugu, kowa ya kamfato ruwa da baƙin riɗi a tafin hannunsa, yana ambaton sunan ubansa da kakansa da kakan kakansa, yana zubarwa. Ina tsaye a kan matakala na ji yayana ya ambaci sunan Baba. Ban samu ganin gawarsa ba, kafin jirgina ya sauka an riga an yi abin da ake yi. Shekara tara ina ɗauke da wannan. A kan matakalar nan na yi kukan da ban yi ba a lokacin.

Daga nan muka wuce Kumartuli, unguwar magina a arewacin birnin, lunguna ne matsattsu da mutum biyu ba sa jerawa. A nan ake gina siffofin Durga. Na san Hausa gunki za ta ce, mu kuma protima muke cewa. Gora ake ɗaurawa, a naɗe da karan shinkafa, a shafe da yumɓun da aka ɗebo daga kogin, a bari ya bushe, a sake shafawa. Bisa al'ada a ranar Mahalaya ake zana idanu. Na tsaya bayan wani tsoho da ya hau benci, ya dafe gwiwar hannunsa na dama da hannun hagu don kada ya yi rawa, ya ja baƙin layi ɗaya daga gefen hanci har kusa da kunne ba tare da ya ɗaga burushin ba. Da ya sauko sai ya ɗan ja baya ya dube ta, ya haɗa hannuwansa biyu. Wata uku yana wannan aiki, kuma ya san nan da kwana goma kogin zai karɓi yumɓunsa.

Labarin Durga fuska biyu gare shi. Na littafi ya ce jaruma ce mai hannu goma, kowane hannu da makami, tana bisa zaki, ita ta kashe Mahishasura, wani azzalumi mai rikiɗa ya zama ɓauna, bayan ya gagari kowa. Wannan shi ake ginawa da yumɓu. Amma mutanen Bengal suna da nasu labarin da suka fi riƙewa a zuci. A wurinsu 'ya ce da aka aurar nesa, can kan dutsen Kailash wurin mijinta Shiva, mutumin da bai damu da tara abin duniya ba. Uwarta Menaka tana shekara tana tunanin ko 'yar ta ci, ko ta ƙoshi, ko sanyi ya dame ta. Sau ɗaya a shekara ake barin ta ta zo, ita da 'ya'yanta huɗu, Lakshmi da Saraswati da Kartik da Ganesh. Ta yi 'yan kwanaki, a rana ta goma bayan Mahalaya ta koma. Duk Bahaushiyar da aka kai aure wani gari ta san sunan wannan. Ganin gida ne. Bikin da miliyoyin mutane ke yi, ganin gidan 'ya ɗaya ne. Na san labarin tun ina ƙarama, amma sai da na ajiye akwatina a ɗakin da aka wanke wa labule sannan na gane abin da Ma ke yi wa kuka a bakin ƙofarmu ta Kano. Ita ce 'yar da ba ta samu zuwa ba.

Bikin sosai ya fara ranar Juma'a 20 ga wata. Kowace unguwa ta kafa rumfarta da gora da yadi, wasu kamar fada, wasu kamar jirgin ruwa, mutane na bin layi har asuba don su shiga su gani. Cunkoson ya fi na Hawan Daushe, ga shi kwana biyar ba a tsagaitawa. Yayana sai nanata mini yake yi cewa tun Disambar 2021 hukumar UNESCO ta sa bikin Kalkata cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Na bi shi dare ɗaya muka zaga, na gani, na yaba. Amma ƙaramar rumfar unguwarmu ta fi kwanta mini, domin nan ne Ma ke iya takawa da sandarta. Makaɗin da aka ɗauko daga tashar jirgin ƙasa ta Sealdah, inda makaɗan ƙauye ke taruwa suna jiran mai haya, yana rataye da dhak, ƙatuwar ganga da aka yi wa ado da gashin tsuntsu, ɗansa ɗan shekara goma yana buga masa ƙarfe. Kuma duk lokacin da aka kai wani muhimmin wuri a ibadar, sai mata su rangaɗa guɗa. Guɗa sak irin ta kai amarya. Karon farko da na ji, sai da na waiga ina neman Hajiya.

Ma ta yi shekara talatin da biyu a Kano, Hausarta ta yi tsatsa amma ba ta mutu ba. In muna son yin maganar da ba ma so matar yayana ta ji, sai mu juya harshe. "Gishiri ya yi yawa," in ji Ma, tana murmushi tana ci gaba da cin abincinta. Takan tambaye ni kuɗin mudun shinkafa yanzu, ko mai nonon nan tana zuwa har yau, ko an gyara titin gidan Hajiya. Abu ɗaya ne ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba, wato ranar komawata. Na roƙi yayana ya yi shiru. Na ce a raina bari ta ci bikinta cikin kwanciyar hankali. Yanzu na san kaina nake kārewa.

Ranar Lahadi, rana ta takwas bayan Mahalaya, wadda ake kira Ashtami, ita ce ƙololuwa. Ba a cin komai da safe sai an miƙa furanni. Sannan akwai wata ibada ta minti 48, a daidai inda rana ta takwas ke ƙarewa ta tara ke shiga, minti 24 daga kowace. Ana kunna fitilun kasko 108, a ajiye furen padma 108, ɗan'uwan bado ne amma ya fi shi girma. Lagwanin fitilun nan Ma ce ke murza su tun shekarar da ta dawo. Kwana uku tana zaune da tulin auduga a cinya. Takan tsinko kaɗan, ta ja shi, ta ɗan jiƙa yatsa, ta murza a kan gwiwarta sau biyu, ta ajiye a faranti. Yatsunta sun karkace da ciwon gaɓoɓi, amma duk lagwanin tsawonsu ɗaya. Na zauna in taya ta, nawa suka riƙa fitowa wani kauri wani siriri. Ba ta ce komai ba, sai ta kama yatsuna ta ɗora nata a kai, muka murza tare. Rabon da ta riƙe hannuna haka tun ina aji ɗaya tana koya mini riƙon fensir. Da aka kunna fitilun, rumfar ta ɗauki zafi da haske, ganga na tashi, hayaƙin ɓawon kwakwa da ƙaro ya turnuƙe, ni kuwa ina ta neman guda goma sha ɗayan da na murza, na kasa bambance su.

Bayan haka aka zaunar da kowa a layi, mai kuɗi da mai gadi, aka zuba mana khichuri, wato dafa-dukan shinkafa da ƙananan wake da kurkum, mai laushi, da kayan lambu da kunun madara mai zaƙi.

Daren rana ta tara, daren ƙarshe, ba na son tuna shi kuma ba na son mantawa. Akwai tsofaffin waƙoƙi da ake rerawa a wannan dare, inda uwar Durga ke roƙon daren da kada ya wuce, domin in gari ya waye za a zo a tafi da 'yarta. Ana jiyo su daga lasifikar rumfa. Na shafa wa Ma man zafi a ƙugu, na kashe fitila, na kwanta a gefenta. Na ɗauka ta yi barci. Can sai na ji ta ce, da Hausa, a hankali, "Yaushe ne jirgi?"

Na ce, "Alhamis, Ma."

Ta yi shiru. Sannan ta koma Bangla ta ce ranar Asabar wata zai cika, za a yi bikin Lakshmi, da na tsaya. Na ce hutuna ya ƙare, yara na jiran jarrabawa. Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar da na zo ta ga ban zazzage akwatina duka ba, kuma ita ma haka take yi wa tata uwar, ta ɓoye ranar tafiya har sai ana gobe. "Ita ma ta sani," in ji ta. "Uwa tana ƙirgawa ko ba a faɗa mata ba. Da kin faɗa mini, da mun ƙirga tare." Wannan maganar ta fi mari zafi, kuma gaskiya ta faɗa. Na hana ta abin da yake haƙƙinta.

Talata 24 ga Oktoba ita ce Dashami, ranar sallama. Da safe mai jagorantar ibada ya ajiye madubi a cikin kwanon ruwa, aka leƙa aka ga fuskar Durga a ciki, daga nan an sallame ta ke nan, abin da ya rage yumɓu ne. Da rana matan aure suka fito cikin farin sari mai jan baki. Kowace ta hau ɗan tsani, ta shafi kumatun siffar da ganyen pan, wani ganye da ake taunawa a can, kamar mai share wa 'ya hawaye, ta sa mata ɗan alawar madara a leɓe, ta shafa mata sindur a goshi. Sindur shi ne jan garin da matar aure ke sawa a tsagar gashinta muddin mijinta na raye. Daga nan sai matan su juya kan junansu, a shafa wa wannan a shafa wa waccan, har fuska da wuya su yi ja wur, ana dariya ana kuka.

Ma tana gefe a kan kujerar roba, cikin farin sarinta marar baki. A tsohuwar al'adarmu matar da mijinta ya rasu ba ta sake taɓa ja, ba ta shiga wannan wasa. Takabar Hausa wata huɗu da kwana goma ce, ta ƙare mace ta yi kwalliyarta. Tamu ba ta da ranar fita. Wannan abu bai taɓa kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye ba don al'adarmu ce. Matar da ta murza lagwani 108 da karkatattun yatsu ita ce aka bari a bakin rumfa. Yanzu wasu unguwanni sun fara kiran irinsu su shigo, kuma na ce mata ta zo, ba wanda zai hana. Ta girgiza kai. Ta ce ita ta riga ta saba, kuma ba ta son a yi ta kallonta. Sai ta jawo ni ta ce, "Ke ki hau. In kin kai kunnenta ki ce mata ta dawo baɗi, ta zo mini da ke."

Na hau tsanin. Na faɗa. Da wane harshe na faɗa, wallahi ban sani ba.

Da na sauko fuskata duk ja, na durƙusa a gabanta. Ta ɗaga hannu kamar za ta gyara mini gashi, sai ta tsaya, don kada jan ya taɓa ta. Ni na kama hannun na ɗora a kumatuna. Ta bar shi a nan. Da ta janye, tafinta ya yi ja, ta dube shi ta rufe, ba ta goge ba.

Da yamma aka ɗora siffofin a babbar mota, muka bi su da ganga har bakin kogi. Samari suka ɗauke ta a kafaɗa, suka juya da ita, suka shiga ruwa suka kwantar da ita rigingine. Fuskar ce ta ƙarshe nutsewa, idanun nan da aka ja da layi ɗaya. Can gefe injin ɗaga kaya yana jira ya tsamo gorar da karan don kada su ɓata kogin. Jama'a na ta ɗaga murya suna cewa "Ashche bochor abar hobe", wato baɗi ma za a sake. Muka koma unguwa muka tarar da rumfa wayam, sai fitila ɗaya tana ci a kan dakalin da babu kowa.

Abin da ke biyo baya shi ake kira Bijoya, kuma ya yi kama da yawon Sallah. Yara su taɓa ƙafafun manya su nemi albarka, maza su rungumi juna, a yafi juna, a ci kayan zaƙi gida-gida. Ranar Laraba Ma ta sa aka kai mata kujera kicin. Aka kankare kwakwa shida, aka narka mazarƙwaila, ta riƙa juyawa har ya kama jikinsa, muka mulmula shi ƙanana tun da zafinsa. Naru ake kiransa. Ta cika gwangwani biyu. Ɗaya ta ɗiba daga cikinsa ta kai gaban wurin ibadarta. Ɗayan kuwa tun a kicin ta rufe shi, ta sa na kawo mata takarda da biro, ta rubuta da haruffan boko masu rawa: NA HAJIYA. Ta ce, "Ki gaya mata wannan bai je gaban kowa ba. Daga tukunya sai gwangwani." Shekara talatin da biyu suna maƙwabtaka, Ma ba ta taɓa miƙa wa Hajiya abin da aka kai wurin ibadarmu ba, Hajiya kuma ba ta taɓa aiko mana da naman sa ba, ko da Babbar Sallah sai dai na rago, shi ma don Baba da mu yara. Ba su taɓa zama sun tattauna wannan ba.

Alhamis da la'asar motar da za ta kai ni filin jirgi na Dum Dum ta tsaya a ƙofa. Na sunkuya na taɓa ƙafafunta. Na miƙe, da yake da Hausa nake tunani, sai na fassara "zan tafi" kai tsaye na ce "Jachhi". Ta buge mini hannu. A Bengal ba a cewa za a tafi. "Ashi" ake cewa, wato ina zuwa, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa sai na dawo. Na gyara. Ta ɗora hannu a kaina tana cewa "Dugga, Dugga", addu'ar da iyaye mata ke bin matafiyi da ita, irin Allah ya kiyaye hanya.

Na shiga mota na sauke gilashi. Ta takо da sandarta har bakin titi, abin da likita ya hana ta. Na zaci za ta ce in dawo da wuri, ko in riƙa kira. Sai ta sunkuyo ta dube ni, ta ce da Hausarta mai tsatsa, "Ki gaida gida."

Shekara goma sha biyar tana ce mini yaushe zan zo gida, tana nufin Kalkata. Ban iya amsa mata ba. Direba ya ja, ina waige har muka sha kwana, farin sarinta na tsaye a wurin.

Ta Mumbai da Addis Ababa na biyo, na sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ranar Juma'a da rana. Iska ta fara bushewa, an fara jin ƙanshin hunturu daga nesa. Washegari, ranar da wata ya cika, na tafi gidan Hajiya. Ta tsufa ita ma, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "'Yata, an dawo lafiya? Ya kika baro mutan gida? Ya ƙafar tata?" Na ce da sauƙi, tana gaishe ki. Na miƙa mata gwangwanin, na karanta mata abin da ke rubuce, na kuma isar da saƙon kamar yadda aka ba ni.

Hajiya ta shafa takardar da yatsa. Ta ce, "Ai ko ba ta faɗa ba na sani." Ta buɗe, ta yi bisimilla ta ɗauki ɗaya, ta kira jikokinta ta ba kowa ɗaya ɗaya, ta rufe sauran ta tura ƙarƙashin matashinta. Sannan ta ce in kira mata ita a waya yanzu, tun rana ba ta faɗi a can ba.